BABI NA UKU: ASALIN KALMAR "LEƘEN ASIRI" DA TARIHIN AIKINTA A ƘASAR KANO

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba asali da ma'anar kalmar leƙen asiri, tare da kwatanta ta da takwararta ta Ingilishi, wato spy. Bayan haka za a bi tarihin aikin da kalmar take nufi a ƙasar Kano, tun daga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa har zuwa bayan mulkin Turawa. Za a riƙa kafa misali da yankin Utai da ke ƙasar Wudil, domin yanki ne da ya ga jihadi, ya ga hare-haren Ningawa, ya kuma ga yaƙin basasa. Manufar babin ita ce a nuna cewa Bahaushe ya san wannan aiki, ya kuma raɗa masa suna tun kafin zuwan Turawa, kuma wannan ne dalilin da ya sa Hausa ba ta ari kalmar spy ba, alhali ta ari wasu kalmomi da dama da suka danganci aikin.

3.1 Aikatan Gani a Hausa

Hausa tana da aikatau masu yawa da suka shafi aikin ido, kuma kowanne yana da inda ya dace. Akwai gani, wanda shi ne gama-gari. Akwai duba, wato gani da nufi da kuma natsuwa. Akwai kallo, wanda yake ɗaukar lokaci, sau da yawa don nishaɗi. Hange da tsinkaya gani ne daga nesa, harara kuwa duba ne da ke ɗauke da fushi ko gargaɗi.

Leƙe ya bambanta da waɗannan duka ta fuska biyu. Na farko, dole ne a sami wani shamaki tsakanin mai leƙe da abin da yake leƙawa, kamar katanga, ko darni, ko labule, ko bakin rijiya. Na biyu, mai leƙe ido kawai yake turawa, sauran jikinsa yana baya. Ana iya ganin haka a waɗannan misalai:

(1) Yaro ya leƙa rijiya.
(2) Amarya ta leƙo ta taga.
(3) Maƙwabci ya leƙe su ta kan katanga.
(4) Ya cika leƙe-leƙe.

A misali na (1) da na (2) babu laifi a cikin aikin. Haka ma idan aka ce wane ya leƙa asibiti ya dubo mara lafiya, ma'anar ita ce ya yi gajeriyar ziyara. A karin maganar nan da ake cewa ta leƙo ta koma, ma'anar ita ce sa'a ta nuna fuska sannan ta janye. Amma a misali na (3) da na (4) aikin ya zama abin zargi, domin wanda ake leƙe bai sani ba, kuma da ya sani da bai yarda ba. Ke nan tushen kalmar bai ƙunshi mugunta ba. Halin da aka yi leƙen a ciki shi ne yake sa ya zama aibi.

3.2 Asalin Kalmar Ingilishi

Aikatau na Ingilishi spy yana da ma'ana biyu. Ta farko ita ce hango abu ko tsinkayarsa, musamman abin da yake nesa ko yake da wuyar gani. Ta biyu ita ce sa ido a kan mutum ko ƙasa a ɓoye don a kai labari ga wani. Kalmar ta shiga Ingilishi a wajejen ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci, inda ake cewa espier. Wannan aro yana cikin ɗimbin kalmomin da Ingilishi ya karɓa bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a 1066. Akwai kuma wata siga ta kalmar, espy, wadda ta riƙe wasalin farko, kuma ta fi karkata ga ma'anar hange.

Shi kansa Faransanci aro ya yi daga harshen Farankawa, wata al'umma mai magana da harshe dangin Jamusanci da ta mallaki ƙasar Faransa bayan faɗuwar daular Rum ta yamma. Har yanzu Jamusanci yana da spähen, mai ma'anar leƙe ko hange. Masana tarihin harsuna sun mayar da waɗannan kalmomi ga tushe guda na dangin harsunan Indiya da Turai, wanda suke rubutawa spek, ma'anarsa kuwa duba kawai. Daga wannan tushe ne Latin ya sami specere, wanda ya haifi inspector na Ingilishi, wanda Hausa ta ara ta mayar sufeto. Ashe ke nan sufeton 'yan sanda da ɗan leƙen asirin Ingilishi 'yan kaka ɗaya ne ta fuskar kalma.

Abin lura a nan shi ne, a Ingilishi ma'anar ɓoyo daga baya ta shiga cikin kalmar, har ta rinjayi ma'anar asali. Kalma guda ce take ɗauke da gani da ɓoyo a tare. Hausa kuwa wata hanya ta bi.

3.3 Haɗuwar Leƙe da Asiri

Leƙen asiri harɗaɗɗen suna ne mai sassa biyu. Sashe na farko, leƙe, Hausa ce gangariya. Sashe na biyu, asiri, aro ne daga Larabci as-sirr, wato abin da aka ɓoye. Hausa ta ari kalmar tare da harafin ma'arifa da ke gabanta, kamar yadda ta yi a alƙali da albasa da annabi. Daga baya an sake aron kalmar ba tare da wannan harafi ba, aka sami sirri.

Domin a gane nauyin leƙen asiri a wurin Bahaushe, sai an dubi sauran kalaman da asiri yake fitowa a cikinsu. Rufin asiri shi ne mutum ya sami abin da zai ci da iyalinsa, ya suturta su, ba tare da wani ya san rashinsa ba. Idan aka gaisa da magidanci aka ce masa Allah ya rufa asiri, an yi masa addu'a mafi girma a harkar zaman duniya. Tonon asiri kuwa shi ne kishiyar wannan, kuma yana cikin abubuwan da ke raba zumunci. Saboda haka ɗan leƙen asiri mutum ne da yake ƙoƙarin buɗe abin da kowa yake roƙon Allah ya rufe masa.

Tsarin ginin gida ma ya tabbatar da haka. A gidajen gargajiya na birnin Kano da garuruwa irin su Utai, baƙo namiji a zaure yake tsayawa ya yi sallama. Akan kuma karkata ƙofar ciki ta zaure daga ta waje, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Wanda ba shi da halin katanga yakan kewaye gidansa da darni na kara. Addinin Musulunci ya ƙarfafa wannan al'ada, domin aya ta 12 ta Suratul Hujurati ta hana tajassusi, wato bin diddigin sirrin mutane, aya ta 27 ta Suratun Nur kuma ta yi umarni da neman izini da sallama kafin shiga gidan wani.

3.4 Leƙen Asiri a Matsayin Aikin Sarauta

Duk da wannan ƙyama, babu mulkin da zai tsaya ba tare da sanin halin abokan gaba ba. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili ya sauka a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini. Littafin yana da babi 8, kuma a cikinsu akwai wanda ya keɓanta ga yin hattara a gida da kuma a halin tafiya, akwai kuma wanda ya keɓanta ga binciken al'amura. Wannan ya nuna cewa tun wancan lokaci malamai sun raba tsakanin bin sirrin maƙwabci, wanda aka hana, da neman labarin abin da zai cuci jama'a, wanda ya zama wajibi a kan shugaba.

Harshe ma ya yi wannan rabo. A fagen yaƙi akwai magewayi, jam'insa magewaya, daga aikatau gewaya. Shi ne wanda ake turawa gaban runduna ya zagaya sansanin abokan gaba, ya ƙiyasta yawan dawakinsu, ya gano mashaya da mafaka, ya komo da labari. Sunansa ba ya ɗauke da zargi, domin jarumi ake ɗaukarsa. A lokacin zaman lafiya kuma akwai jakada. Kafin Turawa su tura hakimai su zauna a gundumominsu, hakimai a birni suke zama, jakadunsu ne suke zuwa garuruwa karɓar haraji da isar da umarni. Jakada idon ubangidansa ne a ƙauye, kuma dagaci ya san duk abin da ya yi zai isa birni. Fatake da almajirai da mafita a bakin kogi su ma sukan zama hanyar labari, ko sun yi niyya ko ba su yi ba.

3.5 Yankin Utai a Ƙarni na 19

Utai gari ne a ƙasar Wudil, kudu maso gabas da birnin Kano, kuma shi ne mazaunin Fulani Joɓawa. Shugabansu a lokacin jihadi shi ne Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin manyan malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804. Sauran ƙabilun da suka shiga, kamar Sulluɓawa da Yolawa da Dambazawa da Danejawa, a warwatse suke a sassa daban-daban na ƙasar, duk a ƙarƙashin mulkin Sarki Alwali. Haɗa kan mutanen da ke nesa da juna haka, har su taru a Kwazazzabo, abu ne da ya dogara ga manzanni masu riƙe sirri. Yaƙin ya ƙare da karya rundunar Alwali a Ɗanyaya, da kafuwar mulkin Fulani a Kano a wajejen 1807. Joɓawa suka gaji sarautar Makama, wadda take cikin masu zaɓen sarki, kuma ta daɗe tana riƙe da ƙasar Wudil.

Bayan jihadi yankin bai huta ba. A wajejen 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa suka shiga duwatsun Ningi, inda suka kafa ƙarfin da ya dami kudu da kudu maso gabashin Kano har ƙarshen ƙarnin. Yaƙin Ningawa hari ne na ba-zata: a faɗa wa gari, a kwashi mutane da dabbobi, a koma dutse kafin gudummawa ta iso. A irin wannan yaƙi, wanda ya riga jin labari shi ne yake tsira. Wannan ne ya sa sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi da ya hau mulki a 1855, suka ƙarfafa garuruwan ribaɗi a wannan shiyya, irin su Takai. Aikin ribaɗi ya haɗa da tsare hanya da kuma sa ido, don a yi kururuwa manoma su shige gari kafin mahara su iso.

Mafi munin abin da yankin ya gani shi ne basasar Kano ta 1893 zuwa 1895. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa suka ƙi yarda, suka fita zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, maƙwabciyar Wudil, sai Aliyu Babba ya gaje shi, ya shiga Kano a 1894. Ƙasar Wudil tana tsakanin birni da sansanin Yusufawa, kuma kogin Wudil ya ratsa hanyar da ta haɗa su. A wannan yaƙi abokin gaba ɗan'uwa ne, harshe ɗaya, tufafi ɗaya, dangi ɗaya. Saboda haka aka rasa yadda za a bambanta magewayi da mai ziyarar zumunci, kuma an kashe mutane a birni bisa zargin goyon bayan Yusufawa. A nan ne iyakar da malamai suka shata tsakanin leƙen abokin gaba da leƙen maƙwabci ta rushe.

3.6 Baƙin Turawa da Zargin Leƙen Asiri

A daidai wannan ƙarni ne wani sabon nau'in mai gani ya bayyana. Hugh Clapperton ya iso Kano a watan Janairu na 1824, sannan ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A zuwansa na biyu a 1826 ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Borno. Bello ya karɓe wasiƙar da ya ɗauko zuwa ga Shehu al-Kanemi, ya kuma hana shi wucewa. A littafin tafiyarsa da aka buga a 1829, Clapperton ya ambaci cewa an gargaɗi Bello cewa Ingilishi za su iya yi wa ƙasarsa abin da suka yi wa Indiya. Ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim, ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya zana taswirar birnin, ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, ya lissafa kayan kasuwa, ya kuma ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Charles Robinson kuma ya iso a ƙarshen 1894 don nazarin harshen Hausa, ya kuma fara fitar da ƙamusunsa a 1899.

Idan aka auna waɗannan baƙi da ma'anar leƙe da aka bayar a 3.1, za a ga ba su cika sharaɗinta ba, domin a fili suka shigo, sarki ya ba su masauki, suka zaga kasuwa da rana tsaka. Abin da ya bambanta su da fatake shi ne alƙalami. Labarin magewayi yakan mutu da mutuwarsa, amma abin da Barth ya rubuta an buga shi cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, ya zauna a ɗakunan karatu na Turai yana jiran mai bukata.

Da Turawa suka ƙudiri cin ƙasar, sai suka haɗa wannan sani da tsohuwar hanyar Hausawa. Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki a 1886, da kuma gwamnatin Lugard da ta gaje shi ranar 1 ga Janairu, 1900, sun ɗauki 'yan ƙasa aikin kai saƙo da kawo labari. Wanda ya fi shahara a Kano shi ne Adamu Jakada, wanda rahotannin da ya bayar tsakanin 1899 da 1901 suka wanzu, har masanin tarihi Philip Afeadie ya buga su a 1994. Laƙabinsa kansa abin lura ne, domin tsohon sunan aikin fada ne aka ɗora wa sabon ubangida. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu na 1903, ta bi ta Bebeji, hanyar da matafiya Turawa suka riga suka bi suka kuma rubuta, ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Gargaɗin da aka yi wa Bello ya tabbata.

3.7 Sababbin Kalmomi

Kalmomin da Hausa ta ara bayan 1903 sun nuna abin da ya zama sabo a idon jama'a. An ari rahoto, wato labarin da ake kai wa hukuma, musamman a rubuce, daga nan aka sami ɗan rahoto. An ari sufeto. An ari si'aidi daga haruffan sunan sashen binciken laifuka na 'yan sanda, aka kuma ƙirƙiri ɗan sandan ciki don wanda ba ya sa kayan sarki. A zamanin siyasar jam'iyyu, bayan kafa NEPU a Kano a 1950, kai rahoton wanda ya halarci taron 'yan hamayya ya zama abin tsoro a garuruwa da ƙauyuka.

Bayan samun mulkin kai aikin ya sami hukumomi na musamman. An kafa NSO a 1976 bayan kisan Janar Murtala Muhammed, sannan a 1986 aka rushe ta aka raba aikinta tsakanin SSS da NIA da DIA. Hausa ba ta tsaya ga haruffa ba, sai ta kira jami'an cikin gida na farin kaya. A shekarun 2010 kuma, da ta'asar 'yan bindiga ta yaɗu a arewa maso yamma, kalmar infoma ta bazu a bakin jama'a, ma'anarta ɗan gari da yake sayar wa mahara labarin maƙwabtansa.

Duk waɗannan kalmomi sunayen ofis ne, ko na takarda, ko na ciniki. Babu ɗaya daga cikinsu da ta maye gurbin aikatau leƙa, kuma har yau idan kafofin watsa labarai na Hausa za su ambaci hukumomin manyan ƙasashe masu wannan aiki, hukumar leƙen asiri suke cewa.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa spy ta Ingilishi da leƙa ta Hausa duk sun faro ne daga ma'anar gani marar laifi. Ingilishi ya cusa ma'anar ɓoyo a cikin kalmar kanta, Hausa kuwa ta haɗa aikatau nata da kalmar Larabci asiri, wadda take da alaƙa da mutunci da sutura. An kuma ga cewa al'ummar Kano ta bambanta magewayi, wanda yake leƙen abokin gaba don kare gari, da mai leƙe-leƙe, wanda yake bin sirrin ɗan'uwansa. Tarihin yankin Utai ya nuna amfanin na farko a zamanin jihadi da hare-haren Ningawa, ya kuma nuna yadda bambancin ya ɓace a lokacin basasa. Zuwan Turawa ya ƙara rubutu da albashi da ofis a kan aikin, kuma sunayen waɗannan ne Hausa ta ara. Babi na gaba zai duba yadda karin magana da tatsuniyoyi suka siffanta mai leƙe da mai kai rahoto.